Gorubar da ta Mayar da Ni Alhaji

Ko na manta da komai a duniya, ba zan manta da ranar da goruba ta tona mini asiri a gaban amaryata ba.

Lokacin ina ɗinki a wani ɗan shago kusa da hasumiyar Gobarau. Daga safe har magariba ina kan keke, rana ba ta ganina. Abincina lemon kwalba da biskit, in baki ya yi shiru in jefa masa alawa. Nono da zogale kuwa na raina su, gani nake abincin ƙauye ne. Da haƙorana nake taƙama, farare tas ga wushirya, amaryar ma ta sha gaya mini murmushina ne ya sace ta. Akwai wani ɗan baƙi a bayan haƙorin gaba da ke tsami in na sha ruwan sanyi, amma na share shi.

Saura kwana goma biki na tafi Batagarawa gaida kakar amaryar, ita ma amaryar tana can. Na tarar da tsohuwar, Bafulatana da ta haura tamanin, tana gaigayar goruba hankali kwance. Bayan doguwar gaisuwa aka kawo fura da nono, na ce na ƙoshi.

"Wanga ango, hura ma ba ka sha?" in ji tsohuwar. "To ni ba ni ba da jikata ga wanda bai iya cin goruba."

Wasa take, amma ni da rawar kai na zaɓi babbar, na yi wa amarya murmushi, na gartsa. Na ji ƙas! Har na yi murna na fasa goruba. Da na duba, sai ga rabin haƙorina a maƙale a jikinta.

Tsohuwa ta yi dariya har da kwanciya a tabarma. Amarya ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ni kuwa na ce shi ke nan, murmushin da aka so ni dominsa ya tafi.

Washegari likitan haƙori ya tambaye ni abin da nake ci. Da na lissafa, ya girgiza kai. Ya ce sukari ne ya ciyar da ƙwayoyin cutar da suka rarake haƙorin, ni kuma ban ba shi abin kare kansa ba. Haƙori yana son sinadarin kalshiyam na nono da kifi da ganye, da bitamin na ƙwai da hasken rana, dasashi kuma yana son zogale da gwaiba. Duk abin da na raina ke nan. Gyaran da zai samu kafin biki ɗaya ne, rufin azurfa irin na mahajjata.

Da na nuna wa amarya, ta ce tana so a haka, amma tukunya tata ce, ba ni da ta cewa. Ranar ɗaurin aure ina washe baki, baƙi suka dinga cewa, "Alhaji, yaushe aka sauka?" Tsohuwa ta raɗa mini Alhajin Goruba, kuma sunan ya bi ni.

Har yau ban je Makka ba. Tsohuwar kuwa ta rasu da haƙoranta cif, Allah ya jiƙanta. Na koyi cewa farin haƙori ba shi ne lafiyarsa ba, daga ciki ake gina shi. Shi ya sa kullum da safe nake shanye nonona tas, in ɗan zauna a rana, 'ya'yana na yi mini dariya.