Ranar da Inna Hansai ta ƙwace min makullin babur

Ban taɓa mantawa da ranar da matan wani ƙauye kusa da Fulatan suka tsare ni tun hantsi har la'asar ba. Lokacin ina ƙaramin malamin gona a Rogo, an tura mu kwas mun koyo noman laimar kwaɗi, irin wadda ake ci. A ɗaki mai duhu ake yin ta: a turara ɓawon gyaɗa, a cusa a leda, a zuba iri, a riƙa yayyafa ruwa.

Da na dawo, wata biyu ina yi wa ƙungiyar matan ƙauyen lacca, bakina kamar rediyo. Na ce musu a hanjin kowa akwai ƙananan halittu masu amfani da ido ba ya gani. Laimar tana da wani sinadari da cikinmu ba ya narkarwa, sai ya wuce ya zama abincinsu, su yi ƙarfi, ciki ya daidaita. Na kuma ja kunnensu kada su taɓa ta juji, wannan tana kisa.

Shugabarsu, Inna Hansai, ɗakinta guda ta bayar. Laima ta fito fara tas. Sai dai kwana uku take yi ta lalace, kuma ba wadda ta yarda ta ɗanɗana, balle ta kai kasuwar Karaye. Wahalarsu na shirin tafiya a banza.

Ina zuwa ran Laraba, Inna ta dire min tuwo da miyar laima.

"Malam, kai ka taɓa ci kuwa?"

Na shiga kame-kame. Wallahi ban taɓa ba! A kwas ma abokina na tura wa kwanona, ƙyanƙyami nake ji.

"To bisimilla, ɗan nan. Fara ciyar da naka halittun mu gani."

Na runtse ido na kai loma. Kai, ashe daɗi gare ta! Na suɗe kwano na miƙe zan tafi, sai na hangi makullin babur ɗina ƙulle a haɓar zanenta.

"Zauna. In ka kai la'asar da ƙafarka, mu ma ma ci."

Suka zagaye ni. Ko atishawa na yi sai wata ta ce, "Yauwa, ya fara!" Da aka kira sallar la'asar na tashi garau na yi alwala, sai gida ya kaure da guɗa. Kafin in sallame an kankare tukunya, ragowar laimar kuma aka ɗaure ta don kasuwa.

Ku sababbin ma'aikata, ku ji da kyau. Na ji kunya ranar, kuma ta yi min amfani. Tun daga nan, abin da ban kai bakina ba, ba na kai shi ƙauye.