Allon Bayin Kowa da Kowa

Jama'a, yau na sa wa hoto abaya! Wallahi ba wasa nake ba.

Kamfaninmu ya tura ni wata kwaleji can wajen Kudai a ƙasa mai tsarki in kafa allo a ƙofar hammam. Bayi ne ɗaya na baƙi, mace ko namiji kowa ya shiga ya kulle. Allon kuwa hoton namiji da mace ne a tsaye.

Mudir ɗin wurin, wato shugaban kwalejin, na gani ya dafe kai. "Haram! Ya za su tsaya kafaɗa da kafaɗa? Raba su!" Na ɗauko fenti na ja musu katanga.

Injiniyansa ya ce, "Ƙafafunta a waje suke." Na sa mata abaya har ƙasa. Mudir ya ce shi kuma namijin haka zai zauna tsirara? Na yi masa jallabiya. Ni da na zo da sukudireba, na koma tela!

Duk wannan abin da ake, ƙofar a kulle take, wai sai an gama shawara. Ga wani dattijo a keken guragu, matarsa na tura shi. Ta ce min da Hausa, "Ɗan nan, don Allah ku buɗe, Alhaji ya matsu."

Mudir ya ja da baya ya ƙare wa allo kallo. "Mumtaz, ya yi kyau! Yalla, maza buɗe musu."

Shigarsu ke da wuya Hajiya ta leƙo.

"Ɗan nan, ai ba ruwa."

Ashe ko famfo ba a haɗa ba! Amma alhamdulillahi, hoto dai ya samu sutura.