Cekin da Aka Yaga a Zauren Sulhu

A lokacin da abin nan ya same ni, ni mace ce mai rufin asiri a Lafia, ina sayen doya a Agyaragu ina kai wa masu otal da masu sayar da abinci. Sana'ar gado na yi a wurin mahaifiyata, kuma babban abin da ta bar mini shi ne suna. Manoman can ba sa tambayata kuɗi kafin a loda mota. In na zo sai su nuna mini tarin da suka keɓe, su ce in ɗauka, in na sayar in kawo. Babbansu wani dattijo ne da nake kira Baba, wanda ya yi ciniki da mahaifiyata tun ina goye. Shi ke tsaya mini a wurin sauran, kuma maganarsa ɗaya ta isa a cika mini mota. Wannan amanar ce jarina, ba ni da wani jari da ya wuce ta.

Sai wani kamfani mai kwangilar dafa abinci a makarantun kwana ya neme ni. Manajan mutumin unguwarmu ne a Bukan Sidi, mai fara'a da daɗin baki, ba ya kirana sai da Hajiya ko da yake ban je Makka ba. Sau biyu ya karɓi kaya kaɗan ya biya nan take. A karo na uku ya ce doya yake so mai yawa, ta zangon karatu gaba ɗaya. Na je na gaya wa Baba, shi kuma ya bi manoma gida gida ya tara mini, har da tasa da ya ajiye don tsadar bazara. Da na sauke kaya a sito, manajan ya ce kuɗin bai shigo ba tukuna, ya rubuta mini ceki mai kwanan wata na gaba, da sa hannunsa da na abokin kasuwancinsa. Na karɓa ina murna kamar wawiya, har ina masa godiya.

Ranar da kwanan ya cika na kai banki. Ma'aikaciyar ta duba, ta shiga ciki ta fito, ta buga wa cekin hatimi ta miƙo mini, ta ce babu kuɗi a asusun. Na kira manajan bai ɗaga ba, na je ofis aka ce ya yi tafiya, alhali motarsa na ajiye a ƙofar ina kallonta. Wata maƙwabciyata da ta san kan irin wannan ta ce in riƙe cekin da kyau, domin ba da cekin da babu kuɗi a bayansa laifi ne da ake ɗaure mutum a kai, kuma hatimin bankin shi ne shaidata. Na aika masa cewa gobe ofishin 'yan sanda zan nufa. Mutumin da ya yi tafiya sai ga shi ya dawo kafin la'asar.

Bai zo wurina ba, wurin wani dattijon unguwa ya je, aka kira ni zauren sulhu. Nan aka sa ni a tsakiya ana ta yi mini nasiha, wai maƙwabci ba a kai shi hukuma, wai in na ɗaure shi 'ya'yansa ni za su riƙa kallo. Manajan kuwa ya durƙusa yana share hawaye da hularsa, yana cewa shi ma an riƙe masa kuɗi ne, ƙarshen wata komai zai daidaita. Ba wanda ya ambaci 'ya'yan manoman da na ɗebo wa doya. A wurinmu in an yi sulhu, abin da ya jawo faɗan ba a barinsa a hannun kowa, don kada zuciya ta riƙa komawa kansa. Dattijon ya ce in kawo cekin. Na ƙanƙame jakata, sai ya tambaye ni ko ban yarda da furfurarsa ba ne. Kunya ta kama ni, na buɗe jaka na miƙa. A gabana ya yayyaga shi, aka shafa fatiha, manajan ya rubuta mini sabo ya ninke ya ba ni. Ko hoton na farkon ban ɗauka a waya ba, sabon kuma ban warware shi a gabansu ba don kada a ce na raina manya.

Ƙarshen wata na koma banki, aka sake dawo mini da shi. Wannan karon suka ce sa hannu ɗaya ne a jiki, asusun kamfanin kuwa sai da biyu ake taɓa shi. Ya sani sarai, da gangan ya yi. Da hawayensa da durƙusonsa da hularsa, duk yana lissafin yadda zai raba ni da takardar nan ne. Na kai wa 'yan sanda suka ce yanzu magana ta zama ta bashi, in tafi kotu. Lauyan da na ɗauka da ya ji labarin yagar cekin sai ya dafe kai, ya ce da hannuna na ba da makamina. Na koma wurin dattijon in roƙe shi ya zo ya ba da shaida, ya ce shi tsoho ne, bai saba shiga kotu ba, in yi haƙuri in bar wa Allah. Haƙurin da ya kamata wancan ya ba ni, kullum ni ake cewa in yi shi.

A kotu na ji abin da har yau in na tuna jinina ke tafasa. Lauyan manajan ya miƙe ya ce doyar da na kai ruɓaɓɓiya ce, cekin farko jingina ce kawai, kuma ni da kaina na mayar da shi don na san kayana ba su da kyau. Doyar Baba, wadda yara suka cinye tas ba a dawo da ko guda ba, ita ake kira ruɓaɓɓiya! Na tashi zan yi magana aka ce in zauna. Daga nan sai ɗage zama, yau lauyansa ba shi da lafiya, gobe ana jiran takarda daga banki. Shi kuma yana nan yana yawo cikin gari da sabuwar shadda, in mun haɗu har ya ɗaga mini hannu ya ce Hajiya ina gajiya.

Damina ta faɗi manoma ba su ga kuɗinsu ba. Wasu suka fara zuwa ƙofar Baba suna zaginsa a kaina, da tsufansa. Shi kansa irin doyar da zai shuka ya sayar ya sallami masu matsa masa, rabin gonarsa ya kwana babu shuka a wannan shekarar. Da na ji haka na sayar da filin da mahaifiyata ta bar mini, na kwashi kuɗin na kai Agyaragu na biya kowa. Baba ya karɓa, ya sa mini albarka, bai faɗa mini magana mai zafi ko ɗaya ba. Da sabuwar doya ta fito na koma da mota kamar yadda na saba. Ya tarbe ni, ya ba ni ruwa, ya nuna mini tari. Da masu lodi suka matso sai ya ɗaga musu hannu, ya ciro wayarsa daga aljihu, ya kira ni 'yarsa, ya ce in tura kuɗin tukuna, in ya ga shigarsu sai a loda. Bai iya kallon idona ba da yake faɗa, ni ma ban iya kallon nasa ba.

Shari'ar tana nan har yanzu, kuma ko an ba ni gaskiya gobe, babu alƙalin da zai sa Baba ya mayar da wayar nan aljihu. Shi ya sa na rubuto. 'Yan'uwana masu kai kaya, ceki takarda ce har sai banki ya biya. In ya dawo da hatimi, kada ku ba kowa shi, ko wane ne, ko a wane zaure ne. Ku je sulhu in kuna so, amma ku bar shaidarku a gida, kuma duk abin da aka ninke aka ba ku ku warware shi a gaban mai bayarwa. Ni kunyar furfura ɗaya na ji a zaure, na jawo aka zagi wata furfurar da ta riƙe ni tun ina goye.