Loveth 'Yar Paki, Wadda Ta Yi Digiri da Kunne

A Paki aka haifi Loveth, 'yar fari a gidan Malam Ilisha, manomin masara da barkono. Da ta samu gurbin karanta tarihi a jami'a a Zariya, ta tafi da ra'ayinta: karatu a takarda yake. In ta ga ɗalibai sun duƙufa a kan waya, sai ta taɓe baki ta ce hira ce kawai da kallon barkwanci.

Tana aji biyu idonta ya fara hazo. Da farko allo ne ba ta gani sai ta zauna a gaba, daga baya har rubutun hannunta ya gagare ta. Likita ya ce magani zai tsayar da ciwon, amma ganin da ya tafi ba zai dawo ba. Ta tattara kayanta ta koma gida.

Bilki, 'yar Makarfi da suke ɗaki ɗaya, ta biyo ta har Paki. Ta durƙusa ta gaida iyayen, sannan ta ce, “Baba, ku ba ni ita mu koma. Akwai manhajar da ke karanta wa mutum rubutu da murya.”

Loveth ta ce, “Haba Bilki! Waya ce za ta koya min tarihi?”

“Karanta miki za ta yi. Kan naki ai yana nan.”

Malam Ilisha ya ce, “Je ki gwada, 'yata. In ya ƙi, gida gidanki ne.”

Da suka koma Zariya, Loveth ta sha wuya da farko. Muryar na'urar sauri gare ta, ga kwaɓa sunayen garuruwan Hausa. Wata rana Loveth ta yi jifa da wayar a kan katifa tana kuka, ta kuma lalubo ta ta ci gaba. Sannu a hankali kunnenta ya saba. Malamai suka yarda ta riƙa naɗar lacca.

Tsofaffin littattafan laburare ne suka zama matsala, don manhajar ba ta gane rubutunsu da ya dushe. Sai Zulkifilu, ɗan ajinsu daga Kudan, ya karanta babi guda da bakinsa ya tura a guruf ɗin aji. Wasu suka bi sahu. Masu karantawar suka lura su ma karatun ya fi zama musu, har guruf ɗin ya koma wurin muhawara. Jarrabawa kuwa a kwamfuta ta rubuta, da abin sauraro a kunne, ta kuma fito da sakamako mai kyau.

Yanzu tana koyarwa a wata sakandare a Ikara. A hutun da ya wuce ta tura ɗalibanta zuwa garuruwan Furana da Janfalan, suka naɗo muryoyin dattawa suna ba da labarin kafuwar unguwanninsu. Wani tsoho ya aiko mata da saƙo cewa bai gama ba, a dawo.