Ranar da Na Tsefe Haruffa

Shekara ashirin da biyu na yi ina zana furannin atamfa da hannu a wata masaƙa da ke Kakuri. Da soja suka koma bariki mun ɗauka aiki zai bunƙasa, sai ga shi ana sallamarmu rukuni-rukuni. Ni da wata Madam, mai buga takardu a ofishin masaƙar, muka kama ɗan shago a Makera, muka sa tsohuwar kwamfuta guda ɗaya. Ita tana buga wa mutane wasiƙu, ni kuma da furfurata na zauna na koyi zane a kai, ina riƙe maus kamar zai cije ni.

Babban aikinmu na farko ta hannunta ya zo. Matan zumunta na cocinsu a Kamazou suna son zanen anko. Shugabarsu, tsohuwar malamar firamare da kowa ke kira Mama, ta zo da kanta, ta ajiye mini takarda.

"Malam, ga abin da za a rubuta a jiki: Ɗaya muke cikin ƙauna. Kowane harafi ya fito da lanƙwasarsa. Ban yarda da kauna ba, ƙauna na ce."

Sati biyu ina kan zanen, ganyen zogale zagaye da kurciya, har ya yi yadda nake so. Saura rubutu, kwamfutar kuwa ba ta da harafi mai lanƙwasa. Ranar Alhamis na tsallaka gada zuwa babbar kasuwa, na samo wani faifai cike da samfuran haruffa, ɗaya daga ciki yana da su. Maimakon in ɗauki ɗayan nan, kwaɗayi ya ja ni, na juye su duka, sama da ɗari biyu. Na kashe kwamfuta, na tafi gida.

Mama za ta zo ganin aiki ranar Juma'a da ƙarfe huɗu. Da safe na danna manhajar zanen. Hoton farko ya fito, ya tsaya jim kaɗan, ya ɓace. Na sake dannawa, haka. Na kashe na kunna, haka. Abin buga wasiƙun Madam lafiya lau yake buɗewa, nawa ne kaɗai ya ƙi.

Madam ta kira wani mai gyara da ke layin bayanmu. Ya cire manhajar, ya sake sa ta daga faifanta, ya danna. Hoton ya leƙo ya koma. Ya taɓe baki.

"Baba, wannan sai an yi mata formatin, a goge komai a sake zubawa. In tafi da ita shago, Litinin ku karɓa."

"Litinin?" in ji Madam. "Ni na tsaya a gaban mata na ce su ba mu aikin nan. Da wane ido zan dubi Mama?"

Na ce ya bar ta tukuna, sai na dawo daga masallaci.

A hanyar dawowa na tuna da wani tsohon makanike na masaƙarmu. In yadi ya fara fitowa da aibi ba ya kwance injin. Tsayawa yake ya tambaya, me aka canza jiya? Na tsaya cak a bakin titi, har wani ɗan acaba ya zage ni. Abu ɗaya aka canza jiya, kuma ni na canza shi.

"Madam, haruffan nan da na zuba, ina suke zama a cikinta?"

Ta fi ni sanin lungunan kwamfuta. Ta buɗe wurin, muka duba sunayen da ke faifan, muka kwashe sababbin duka zuwa wata folda. Muka kashe, muka kunna. Na yi bismilla na danna. Hoton ya fito, ya tsaya, sai ga farin shafi ya buɗe, kayan zane jere a gefe.

Madam ta ɗaga hannu sama. "Mun gode Allah! Malam, kada ka ƙara taɓa komai!"

Na ce, "Ai mai lanƙwasar yana cikin waɗanda muka kwashe. In shi ne mai cutar fa?"

Na mayar da shi shi kaɗai. Manhaja ta buɗe. Na ɗauko zanena, na rubuta kalmomin Mama a ƙarƙashin kurciyar, na adana har sau biyu. Ƙarfe uku saura kwata.

Da a nan na tsaya da ya isa, amma raina ya ƙi. Ina son in ga fuskar wanda ya wahalar da ni. Na raba sauran gida biyu, na mayar da rabi, ta buɗe. Na raba ragowar, na mayar, ta ƙi. Haka na yi ta tsefe su, Madam tana duban agogo tana tsaki, har ya rage guda: wani harafi mai kwalliyar banza, duk ƙayoyi, wanda ko kyauta ba zan sa a aikina ba. Na goge shi da hannuna.

Mai gyaran ya dawo da kwali don ɗaukar kwamfuta, ya tarar tana aiki. Da na faɗa masa yadda aka yi, ya ajiye kwalin, ya ce, "Baba, don Allah sake nuna mini daga farko."

Mama ta iso da mata biyu. Ta sa tabarau, ta bi rubutun da yatsa, harafi-harafi, ta gyaɗa kai. Ɗaya daga cikin matan ta rangaɗa guɗa har masu shagon kusa suka leƙo. Mama ta juyo.

"Rubutu ya yi, Malam. Amma koren nan ya yi duhu, a sassauta shi."

Nan take na sassauta shi a gabanta. Kafin su tashi ta ce kalandar ƙarshen shekara ma mu za mu yi musu.