Ƙullin Bahago

Tun ranar da rediyo ya faɗi kuɗin da za a biya Yeudi Calcaño, tsoho Eladio bai ƙara zama wuri ɗaya ba. Dala miliyan ɗari da arba'in a shekara bakwai, don ya riƙa jefa ƙwallon besbol a Amurka. Garin San Pedro ya ɗauka gaba ɗaya, 'yan acaba sai hon suke yi. Shi kuwa tsohon ya tashi daga teburinsa na gindin mangwaro, ya leƙa titi, ya dawo ya ɗauki basilla, ya ajiye, ya sake leƙawa.

"Ka zauna mana, kana sa ni jiri," in ji matarsa Fidelina.

"Iska nake sha."

Wace iska! Safar hannu yake jira.

Eladio Peguero baduku ne, amma bai taɓa ɗinka takalmi ba. Aikinsa gyaran safar fata da 'yan besbol ke cafe ƙwallo da ita. Da can shi ma mai jifa ne, bahago, irin wanda in ya saki ƙwallo mai riƙe da sanda sai dai ya ji ƙararta a bayansa. Da safe ya sari rake, da yamma ya shiga fili. Yana shekara goma sha tara masu neman 'yan wasa suka zo daga Amurka, suka kalli jifansa, suka kalli takardar haihuwarsa, suka ce ya tsufa. Ya tsufa, a sha tara! Ya ci gaba da jifa a ƙananan ƙungiyoyi har kafaɗar ta yage yana ashirin da biyu. Wata shida yana jifa da ciwon bai gaya wa kowa ba, sai dai ya cusa igiyar safarsa a baki ya gantsara. Da hannun ya ƙi ɗaguwa, ya koma gyaran safar wasu, shekara arba'in ke nan.

Da yake bahago ne, ƙullinsa a juye yake fita, jelar igiyar ta kalli sama. Da farko mutane har mita suke yi. Sai ga Yeudi, ɗan wata mai soya agada a bakin fili, ya zo da wata ruɓaɓɓiyar safa yana shekara goma sha ɗaya. Eladio ya gyara masa. Yaron ya ɗauki wata ɗabi'a: kafin kowane jifa sai ya rufe fuska da safar, ya ɗan taɓa jelar ƙullin da haƙori. Ya girma da ita, ya tafi Amurka da ita. Duk Nuwamba, in an tashi daga kakar wasa, safarsa na dawowa teburin gindin mangwaro a sake mata igiya. Shekara goma sha huɗu ba fashi. In an nuno shi a talabijin ɗin kantin unguwa, sai a kaure da ihu: "Ga ƙullin Eladio nan!" Wannan ihun shi ne duk abin da besbol ya bar wa tsohon, kuma yana sonsa fiye da yadda zai iya faɗa.

Bana Nuwamba ta wuce. Disamba ta raba. Yeudi yana gari, kowa ya ga baƙar motarsa. Safa ba ta zo ba.

A ƙofar kanti kuwa, teburin da ake buga wasan ƙwayoyi na domino, an samu abin yi. Bienvenido ne shugaban tsiya, tsohon mai saran rake da bakinsa ya fi addarsa kaifi.

"Bahago, ina ɗanka mai miliyoyi? Ko yanzu injin ke ɗaure masa igiya?"

"Buga wasanka."

"Ni dai tambaya nake. Shekara talatin da takwas ina sunkuye a gonar rake, ban ga dala dubu a dunƙule ba. 'Yata tana jinyar mutane a asibiti, albashinta ba ya kai ƙarshen wata. Wani kuma don ya jefi iska a ba shi abin da zai sayi garin nan har da makabarta. Wannan ai hauka ne."

Eladio, da ko zama bai yi ba, ya buga ƙwayarsa a tsaye har tebur ya girgiza.

"Yara nawa ke filin can yanzu? Ɗari uku? Nawa za su je? Ɗaya, in an yi sa'a. Sauran su dawo ba karatu ba kafaɗa, kamar ni. Kuma masu ƙungiyar da suka ba shi, kana tsammani sadaka suka yi? Sun ci ninkinsa. Su ba wanda ya san sunansu balle ya zage su."

"To lauya, mun ji. Nawa ya ba ka na wannan kariyar?"

Aka kwashe da dariya. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don a ransa shi ma zagin yaron yake yi. Ya bar wasan a tsakiya ya tafi gida. Fidelina ta zuba masa shinkafa da wake, ya ci cokali biyu ya ture.

"In safar ba ta zo ba, ƙafarka ta karye ne?" ta ce.

"Ni in je ƙofarsa? A ce na zo maula?"

"To ka ci gaba da gyara mana titi da sintiri."

Washegari da hantsi ya sa farar rigarsa, ya zuba basilla da igiyar fata a jaka, ya hau acaba. Sau biyu yana ce wa ɗan acaban su juya, sau biyu yana cewa a'a, mu je. Gidan na bayan gari, katanga kamar ta kurkuku. Mai gadi ya fara yi masa tambayoyi, sai ga Yeudi da kansa ya fito da gudu ba takalmi.

"Baba Eladio! Wallahi ina ta cewa zan zo."

"Ban zo gaisuwa ba. In ka samu wani baduku, ka faɗa mini a fuskata."

"Haba Baba, wane baduku?"

"To ina safar?"

Yeudi ya sunkuyar da kai. Ƙaton mutum, ya tsaya yana kallon yatsun ƙafarsa. Can ya shiga ciki, ya daɗe, ya fito da ita ya miƙa ba tare da ya ɗago kai ba.

Eladio ya juya ta, ya nemi ƙullinsa. Ƙullin na nan, a juye, yadda ya ɗaure shi bara. Jelar ce babu. An tattaune ta har gindi, fatar ta yi baƙi ta zama kamar tsumma, ga sawun turame har a jikin babban yatsan safar. Shekara goma sha huɗu tana dawo masa da ɗan sawun haƙori kaɗan. Wannan kam ba taɓawa ba ce. Ya san irin wannan cizon, bakinsa ya taɓa yin sa.

Duk fushin da ya taho da shi ya zube. Tsoro ne ya maye gurbinsa.

"Kafaɗa ko gwiwar hannu?"

"Gwiwa."

"Tun yaushe?"

"Agusta. Likitocin ƙungiyar sun ɗauki hoto kafin in sa hannu a kwantiragin, sun ce lafiya lau. Na gaya musu tana ɗan damuna, suka ce gajiya ce. Amma duk jifa, Baba, kamar ana soka mini ƙusa. Mama ba ta sani ba. Na san kai kana ganin safar za ka gane, shi ya sa."

"Ka koma wurinsu. Ka ce su sake dubawa, ka daina cewa 'ɗan damuna'. Ni wata shida na yi shiru, ga ni nan."

"Zan koma. Amma ko me suka ce, shekara bakwai ce. Mutum arba'in ke ci a hannun nan."

Eladio ya duba ko'ina, ya ga wata kujera a inuwa, ya zauna. Rabonsa da zama haka tun ranar rediyo. Ya zazzage jakarsa a cinya. Ya ture igiyar da ya saba sa masa, ya zaɓo mafi kauri, ta fatar bijimi, wadda yake ajiye wa masu tare jifa. Ya zare tsohuwar, ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure ƙullinsa da hagu, ya ja har jijiyar wuyansa ta tashi.

Ya ɗauko wuƙa zai datse jelar daidai inda ya saba. Sai ya tsaya. Ya matsar da wuƙar gaba, ya ƙara tsawon yatsa guda, sannan ya yanke.

Yeudi ya kalli jelar, ya kalli tsohon.

"Ta yi tsawo, Baba."

"Za ka buƙace ta," in ji Eladio.