Azumin Dora Quashie

Duk ranar Lahadi, idan aka kaɗa ƙaramar ƙararrawa muka tashi zuwa gaban bagade, Dora Quashie takan tashi tare da mu. Ta bi layi, ta durƙusa a gefena, amma maimakon ta buɗe baki kamar kowa sai ta harɗe hannuwanta a ƙirji. Fada, limamin cocinmu, ya iso kanta da gurasar Jibin Ubangiji, ya ɗora mata hannu a ka, ya sa mata albarka, ya wuce zuwa gare ni. Ni Ianthe mai sayar da kifi, wadda duk ƙauyen nan an san kaifin bakinta, ni ake ba. Dora kuwa a tsallake ta. Haka muka yi tun muna da ƙarfinmu har furfura ta cika mana kai.

Laifinta aure ne. Tana budurwa Leopold Cuffy ya aure ta a cocinmu na Waliyyi Bitrus, da farar riga da komai. Damina ba ta ƙare ba ya hau jirgin ruwa zuwa Cuba saran rake, wai zai dawo ya yi mata rufin kwano. Har yau yana dawowa. Ta jira, ta jira, har mutane suka daina tambayarta. Sai ga Osbert Providence, masunci, mutumin da in ya yi magana biyu a yini to ya yi surutu. Guguwa ta yaye rufin uwar Dora, shi ya hau ya gyara. Daga nan yake ajiye musu kifi a bakin ƙofa. Da tsohuwar ta rasu sai ya shigo da ragarsa da akwatinsa, ya zauna.

A cocinmu aure ba ya mutuwa sai ɗaya ya mutu. Fada Pelham, Baturen da ke riƙe da mu a lokacin, bai ɓoye musu ba. Ya ce su kawo shaidar Leopold ya mutu, a makon nan zai ɗaura musu aure. Ko kuma in shekaru suka ja ba a ji ɗuriyarsa ba, zai kai maganar gaban Bishop. Kafin nan dai ba Jibi, daga ita har Osbert.

To, abin haushin, Leopold ya ƙi mutuwa, ya kuma ƙi ɓata. Da zarar shekaru sun ɗan taru mun fara sa rai, sai wani ɗan ci-rani ya sauko daga jirgi da sabuwar hula ya ce ai ya ga Leo a Curaçao, ya yi ƙiba. A jima wani ya ce a Aruba ya gan shi, har da haƙorin zinariya. Na taɓa tare Egerton ɗan ƙanena a bakin teku na riƙe masa riga.

"Kai Egerton, ka tabbata shi ne?"

"Haba Tanti, da idona fa na gan shi."

"Ka yi masa magana?"

"A'a, yana tsallaken titi."

"Tsallaken titi! Kai da ba ka gane uwarka in ta sake ɗankwali? Wa ya aike ka faɗa?"

Amma ya riga ya faɗa a shagon giya, kuma abin da aka faɗa a shagon giya kafin Lahadi ya kai kunnen Fada.

Da wata ce da tuni ta yi zuciya ta koma cocin 'yan Methodist da ke bayan kasuwa, su ba su da wannan tsanani sosai. Na sha ba ta shawarar. Ta ce ita ba ta iya sujada inda babu turare, babu ruku'u, mutum ya shiga kamar ya je taron ƙungiya. A nan aka yi mata baftisma, a nan za ta zauna.

Kuma zama ba na naɗe hannu ba. Duk wani ƙyalle da ke cocin nan ta hannunta yake bi. Ita ke wanki, ita ke sa sitacin ararut, wata saiwa mai kama da rogo, ita ke guga da gawayin ɓawon kwakwa. Dora ba ta lissafin shekara da wata, da launin ƙyallen bagade take yi. Ka tambaye ta yaushe aka haifi yaron wance, sai ta ce, "Ai muna cikin shunayya, kafin Ista." Fari na Kirsimeti da Ista da ranakun Maryamu, ja na waliyyan da aka zub da jininsu, kore na doguwar tsakiyar shekara. Ƙananan ƙyallayen da ake goge ƙoƙon ruwan inabi da su, ruwan ɗaurayarsu na farko ba ta zubarwa a kwata, sai ta kai gindin wata bishiyar lemo a bayan coci ta tsiyaye a hankali. Na taɓa ganinta tana kallon jan tabon inabi a ƙyallen kafin ta tsoma shi a ruwa. Na kau da kai, don abin ya fi ƙarfina.

Osbert shi ma ba a bar shi ya huta ba. Ranar Waliyyi Bitrus, ƙarshen Yuni, da ake fita da siffar waliyyin zuwa bakin teku a sa wa jiragen kamun kifi albarka, kafaɗarsa ce a gaba. Ɗaukar kaya dai ba a hana mai zunubi. Abokansa na tsokanarsa, "Mijin aro, riƙe Bitrus da kyau, ko ya buɗe maka Aljanna ta ƙofar baya." Sai ya yi murmushi kawai ya gyara kafaɗa.

Da na haifi Ursula na ce Dora ce uwar baftismarta. Fada Pelham ya ce ba zai yiwu ba. Na zazzaga masa abin da ke bakina har sai da na je na yi ikirarin zunubi a kansa, a wurinsa kuma. Dora ce ta ɗinka rigar baftismar, ta tsaya can baya wajen ƙofa tana leƙe.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne azumin. Mu masu karɓar Jibi ba ma sa komai a baki daga tsakar dare, ko ruwa, sai an sauko daga sujada. Dora ma haka take yi. Kowace Lahadi, kowace ranar waliyyi, ko da ta faɗo ranar Talata ce mu huɗu ne a coci.

"Ke Dora, ke da ba a ba ki, azumin me kike yi?"

"In labarin mutuwar Leopold ya zo da safe fa? Ya same ni da ciki cike da shayin koko?"

"Labari ya zo, a ɗaura aure, a ba ki Jibi, duk kafin rana ta take? Kin haukace."

"To bar ni da haukata, Ianthe. Miƙo mini wancan bakin ƙyallen mu ninke."

Fada Pelham ya tsufa ya koma ƙasarsu. An kawo wani, an kawo wani, kowa ya duba maganar ya girgiza kai. Daga ƙarshe aka kawo mana Fada Bynoe, ɗan tsibirin nan, wanda yana yaro Dora ce ke rage masa tsawon rigar hidima. Muka ce to, ga namu ya zo. Ya yi ƙoƙari, Allah ya sani. Ya je wurin Bishop ya dawo jiki a sanyaye, don ba a daɗe ba wani ya sake ganin Leopold, wannan karon wai a kan keke.

A shekarar ce ciwo ya kama Dora. Tun cikin shunayya take rama, da aka shiga fari ta daina ɗaga dutsen guga, kafin Yuni ta kwanta. Likitan asibitin birni ya duba ya ce a mai da ita gida. Osbert ya jingine jirginsa. Shi ke juya ta, shi ke goge mata jiki, shi ke dama mata kunun ararut yana ba ta da cokali.

Fada Bynoe ya kira mu ni da Osbert gindin bishiyar lemon nan. Ya ce hanya ɗaya ta rage. In Osbert ya bar gidan, ita kuma ta yi ikirari ta tuba da zaman da suka yi, zai kawo mata Jibi har gado ranar Waliyyi Bitrus. Na ce, "Fada, mutumin da ke ɗaga ta ya kwantar, shi za a kora?" Ya ce, "Tanti Ianthe, ba ni na kafa dokar ba." Idonsa ya yi ja. Da la'asar na ga Osbert da tabarma a hammata ya nufi rumfar jirage.

Ni na koma kwana wurinta. Ban iya juya ta yadda yake yi ba, ko yaya na taɓa ta sai ta yi nishi. Takan tambaye ni ko ya ci abinci. Shi kuma kullum da sassafe sai in tarar da kifi a bakin ƙofa, kamar yadda ya fara tun farko.

Ranar ta zo. Ta sa na yi mata wanka, na ɗaura mata jan ɗankwali. Leɓɓanta duk sun bushe sun tsage, na kawo ruwa ta kau da kai. Muka ji ƙararrawa, muka ji waƙa tana gangarowa, ƙamshin turare ya riga su isowa. Jerin masu rakiyar waliyyin ya tsaya a ƙofar gidan, ga Bitrus a kafaɗar Osbert, shi kuwa ya kafa ido a ƙasa. Fada ya shigo da ƙaramin gwangwanin azurfa mai ɗauke da Jibin rataye a ƙirjinsa. Na fita don ta yi ikirari, amma gidan katako ne, ko tari ka yi ana ji, ni kuma ban yi nisa ba.

Ta lissafa nata. Ta yi gulma, ta yi fushi da Allah, ta yi wa Leopold fatan mutuwa ba sau ɗaya ba.

"Saura ɗaya, Tanti Dora," in ji Fada.

"Na sani, ɗana."

"Ki ce kin yi nadama. Shi ke nan."

"Nadamar Osbert?"

"Nadamar zaman."

"Ai zaman shi ne Osbert." Ta numfasa. "Fada, tun ina yarinya nake tsare bakin nan daga ruwa don Ubangiji ya same shi da tsabta. Yanzu in sa ƙarya a ciki, sa'an nan in karɓe shi a kai?"

"Don Allah, Tanti. Ki taimake ni in taimake ki."

"In na faɗa, yau zai dawo ya juya ni?"

Na leƙa ta tsagar katako. Fada yana durƙushe a gefen gadon, hannunsa a kan gwangwanin, hawaye na zuba. Ita kuwa ta ɗago hannuwan nan da suka zama kamar kara, da ƙyar, ta harɗe su a ƙirji. Ya ɗora mata hannu a ka.

Jerin ya wuce bakin teku. Na shiga na same ta tana kallon rufi.

"Ianthe, in sun ajiye Bitrus ki ce wa Osbert ya kwaso tabarmarsa." Ta lashi leɓe. "Ba ni ruwan nan. Na gama."

Ta rasu cikin kore, a hannun Osbert. Aka yi mata sujada cikakkiya, da turare da komai, akwatinta a gaban bagaden da ke lulluɓe da ƙyallen da ta goge. Kafin a fara Fada Bynoe ya ja Osbert gefe ya ce masa yanzu babu abin da ya tsare shi, shi bai taɓa aure ba, kuma zaman ya ƙare. In ya yi ikirari zai karɓa ko yau.

Da aka kaɗa ƙaramar ƙararrawa Osbert ya tashi, ya zo ya durƙusa a gefena, daidai inda take durƙusawa. Fada ya iso kansa ya tsaya da gurasar a hannu, ya daɗe. Osbert ya harɗe hannuwansa a ƙirji. Aka sa masa albarka, aka wuce zuwa gare ni. Na buɗe baki na karɓa, don ban san abin da zan yi ba, na koma mazaunina da ita a kan harshe na kasa haɗiyewa.